Gaya da Ajingi a Idon Mai Tafiya a Ƙasa



Direban da ya cika motarsa a Kano zai tafi Dutse ko Azare ko Maiduguri, da zarar ya haye gadar Wudil, ba ya son ya sake taka birki sai ya ga Shuwarin. A tsakanin nan da can ne garin Gaya yake, kimanin kilomita 65 gabas da birni. Fasinjan da ke bakin taga zai hango gidan mai, da rumfunan masu shayi, da 'yan mata masu tallar gyaɗa da dafaffen ƙwai, da 'yan acaɓa sun jeru a inuwar darbejiya, sai kuma ƙura in lokacin hunturu ne. Kafin ya gyara zama an wuce. Ajingi kuwa ko wannan ɗan kallon ba ta samu ba, don ba a kan babban titi take ba, sai an ratse an yi arewa. Shi ya sa mutanen birni da yawa, in aka ambaci waɗannan garuruwa biyu, abin da ke faɗo musu a rai bai wuce yashi da rana da nisa ba. Malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya da aka tura can, har jaje abokansa kan yi masa.

Wannan raini ba shi da tushe. Kuma maganinsa mafi sauƙi yana nan a tsakiyar birnin Kano, a kan dutse.

A 'yan shekarun nan wata sabuwar al'ada ta shigo wa matasanmu. Ran Asabar da sassafe sai ka gan su rukuni-rukuni, ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, sun ɗaura takalman kambas, kowa da gorar ruwansa, sun nufi dutse. A Abuja abin ya fi ƙarfi, tun da duwatsu sun yi wa garin zobe. A Jos ana hawan tsaunukan Shere, a Zariya ana hawan Kufena, a Kano kuwa Dala da Goron Dutse. Wasu dattawa na yi wa abin kallon rashin aikin yi. Da za su bi yaran nan sau ɗaya, da sun sake magana, domin ban da lafiyar da jiki ke samu, hawan yana buɗe ido. Alhazanmu shaida ne: wanda ya taɓa hawa Jabalun Nur a Makka, ya leƙa Kogon Hira yana haki, ba ya sake jin labarin farkon wahayi kamar yadda yake jin sa a da.

Hawan Dala ba ya cin lokaci. Mutum zai ratsa lungunan unguwa, ya wuce yara masu tafiya makarantar allo da awaki a bakin kwata, sai ga matakala a gabansa. Kafin ya kai rabi gwiwa ta fara magana. A sama fili ne shimfiɗaɗɗe, ƙasar ja wur, da tsakuwa mai duhu wadda in ka ɗauki ɗaya za ka ji ta fi girmanta nauyi. Ƙolin yana da tsayin mita 534 daga matakin teku. Daga nan birni duka yana ƙarƙashin ƙafa: ga Goron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin babban masallaci, ga Gidan Rumfa, ga rufin Kasuwar Kurmi, ga kwano bayan kwano har inda hazo ya tare ido. Galibin masu hawa hoto suke ɗauka su sauka. Amma a kowane rukuni ba a rasa mutum ɗaya da zai tsaya da tsakuwar nan a tafin hannu, ya tambaya: wai su wa suka fara zama a nan, kuma me ya kawo su?

Amsar da maƙeran Kano ke bayarwa tun kaka da kakanni ita ce Gaya. Abagayawa, wato zuri'ar maƙeran da ake ɗauka su ne mafi daɗewa a birni, sun riƙe cewa kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin Dala, ya zauna. Wannan tsakuwa mai nauyi ita ce abin da ya zo nema. Masu binciken kayan tarihi da ke binne a ƙasa sun gwada ragowar wani wurin narka ƙarfe a gindin dutsen, gwajin ya nuna ana hura wuta a nan tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ke nan fiye da shekara 300 kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga 999. Kimiyya ta faɗi shekarun wutar, bakin maƙera kuma ya riƙe sunan garin da masu hura ta suka fito.

A yi tunanin abin da ƙarfe yake nufi a wancan zamani. Wanda ya iya narka tama shi ke da fartanya, mai fartanya shi ke da hatsi, mai hatsi shi ke tara jama'a. Shi ke da gatarin sare daji, shi ke da bakin kibiya. Birnin da yau ake yi wa kirari da kasuwa da masana'antu, a kan wannan sana'a aka aza harsashinsa.

Ba a Kano kaɗai sunan Gaya ya haɗu da ƙira ba. Duk ɗan firamare ya san labarin Bayajida: ya baro Borno, ya bar matarsa a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, ya isa Daura da dare, ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya Daurama. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne zangon da ya yi kafin Daura. A Gaya ya tsaya, maƙeran garin suka ƙera masa makamin da ya sare kan macijiyar da shi. Akwai wata Gaya a Jamhuriyar Nijar, can bakin kogin Kwara a kan iyakar Benin, amma mutumin da ya taso daga Borno ya biyo ta Haɗeja, wannan ta Kano ce ta fi kusa da hanyarsa. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kan ko Bayajida mutum ɗaya ne ko kuwa labarin ƙaurar wata al'umma ne aka dunƙule a jikin mutum guda. Ko wanne ne, abu ɗaya ya fito fili: mutanen da suka riƙe labarin, da suka zo wurin da jarumi ke bukatar makami na gaske, Gaya suka kai shi. Ba a kai baƙo wurin maƙeran da ba su yi suna ba.

Rubutaccen tarihi ma bai manta da garin ba. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Baturen mulki Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Gaya a wurare da dama. A zamanin Sarki Yakubu, mahaifin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1452 zuwa 1463, ya ba da labarin zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya zama Sarkin Gaya, tare da 'yan'uwansa, ɗaya daga cikinsu ya zama Sarkin Haɗeja. A wannan zamanin ne kuma littafin ya ce fataken Gwanja suka fara zuwa, mutanen Borno suka yawaita, gishirin Azbin ya wadata, malaman Fulani suka iso daga Mali da littattafai. Duk mai fitowa daga gabas da raƙumi ko jaki, ƙasar Gaya ce ƙofarsa ta shiga Kano.

Bayan shekara 200 da wani abu, ƙarfin Gaya ya kai har Sarkinta Farin Dutse ya yi wa Sarkin Kano Dadi tawaye. Ya rasa ransa a kan haka. Amma jinin gidansa ya shiga Gidan Rumfa, domin Mariyama, mahaifiyar Sarki Muhammadu Sharefa wanda ya hau gado a 1703, 'yar Gaya ce, kuma a zamanin Sharefa mutanen Gaya sun yi tashe a fadar Kano. Har bayan jihadi, Sarkin Gaya yana cikin manyan sarakunan ƙasar Kano da ake kira da sunan sarki ba hakimi kawai ba, tare da na Rano da Dutse da Ƙaraye. Yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 ma a wannan ɓangare ya yi saiwa: Yusufawa a Takai suka yi sansani, jagoransu Yusufu kansa a Garko ya rasu, duk maƙwabtan Gaya ne.

To, wanda ya ji wannan a kan Dala, in yana da zuciyar nema, sai ya sauko ya shiga mota ya yi gabas. A nan ne kuma ya kamata a faɗa masa gaskiya tun kafin ya tashi: ba zai tarar da dogayen duwatsu irin na Rano ko Riruwai ba. Ƙasar Gaya da Ajingi shimfiɗaɗɗiya ce galibinta, tudu da fadama, yashi yana ƙaruwa in ana matsawa wajen iyakar Jigawa. Duwatsun suna bakin hanya biyu, Dala a yamma, na Dutse a gabas. Abin da ke tsakani na mai tafiya a ƙasa ne, kuma wanda hawan dutse ya koya wa jure gumi da tafiya a hankali shi ne ya fi dacewa da ita.

Abu na farko da zai fara lura da shi, in ya bar kwalta ya bi burtali, shi ne ƙasar ba fako ba ce. Daga mota, musamman a watan Maris ko Afrilu, kamar babu komai sai ƙasa fara da kututturen kara. A ƙasa kuwa sai ya ga kowace gona da bishiyoyinta, kuma babu wadda ta tsaya a nan da ka. Ga kuka, an sassabe rassanta don miya. Ga ɗorawa ta kalwa da daddawa. Ga tsamiya, ga kanya, ga aduwa, ga magarya a kan iyaka. Ga kuma gawo, wanda yake yin abinsa saɓanin sauran itatuwa: da damina, lokacin da gero ke bukatar rana, sai ya zubar da ganyensa, da rani, lokacin da dabba ba ta da abin ci, sai ya yi kore shar ya zubo da 'ya'ya. Tumaki da awaki su taru a inuwarsa su ci, su bar taki, shuka ta zo ta yi kyau a gindinsa fiye da ko'ina a gonar. Manomin da ya ƙi sare gawo bai karanta wannan a littafi ba, a gonar ubansa ya gani.

Wani Baturen Ingila masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin gonakin ƙauyukan da ke kewaye da Kano. A lokacin ana ta hasashen cewa yawan jama'a zai kashe ƙasar. Shi kuwa ya tarar manoma suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, ba ta mutu ba, saboda takin da ake kai mata a kan jaki, da haɗa gero da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, da itatuwan da ake bari. Irin wannan noma ne mai tafiya zai riƙa gani yana matsawa gabas, a Kademi da Gamarya da Shagogo, a Balare da Toranke da Gafasa. Kano na cikin jihohi 11 da gwamnatin tarayya ta sa a sahun gaba na shirin katangar bishiyoyi don tare hamada, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Shiri ne mai kyau. Sai dai jami'in da ya zo da dashe a bayan mota, da zai fara zama a gindin gawo ya saurari mai gonar, da dashensa ya fi rayuwa.

Hamadar kuwa barazanarta gaskiya ce, ba a ɓoye ta ba. Mai tafiya zai ci karo da kututturen manyan itatuwa da aka sare aka yi gawayi ko aka loda a mota zuwa gidajen burodin birni. Zai ga rijiyar da guga ke daɗewa kafin ya taɓa ruwa. Zai ga yara da jarkoki a kan kura tun kafin rana ta fito, a lokacin da ya kamata a ce suna shirin makaranta.

Sannan ya nemi maƙera. Ba sai ya yi tambaya da yawa ba, kunne zai kai shi, don ƙarar masaba a kan uwar maƙera tana tafiya nesa. Rumfa ce ƙarama, baƙa ƙirin da hayaƙi. Yaro na zaune yana danna zuga-zugi, dama da hagu, dama da hagu, gawayi yana ja yana fari. Maƙerin ya sa awartaki ya zaro ƙarfen ya yi jajir, ya ɗora, ya buga, ya juya, ya buga, ya mayar wuta. Ba ya awo da komai sai ido. In ya gamsu ya tsoma a ruwa, ƙarfen ya yi tsuwwa, tururi ya tashi. A gefe ga abin da aka gama an jera: fartanya, garma, lauje, magirbi, gatari, wuƙar yanka. Yau ba a narka tama, da ƙarfen tsofaffin motoci ake aiki, kuma gawayin ƙirya da maƙera suka fi so ya yi wuya saboda itacen ya ja baya. Amma hannun shi ne dai hannun. Baƙon da ya yi sallama, ya ce, “Sannu da aiki, Baba,” ya sami wuri ya tsuguna, zai ji an amsa masa da “Yawwa, sannu ɗan samari, daga ina?” In ya ce daga Kano, ya kuma ce labarin Abagayawa ne ya kawo shi, to ya shirya zama, don hira ta samu.

Ana gab da faɗuwar damina rumfar ba ta da masaka tsinke. Kowa ya kawo garmarsa a yi mata baki, kowa yana sauri. A wannan 'yar rumfa ake shirya hatsin da birni zai ci baɗi.

In aka yi arewa zuwa Ajingi sai ƙasar ta sake fuska. Kogin da Kanawa ke kira kogin Wudil, wanda ya samu daga haɗuwar kogin Kano da na Challawa, ya bi ta gefen ƙasar ya nufi Ringim da Haɗeja. Mai tafiya zai sauko daga tudu mai yashi, ƙafarsa ta fara jin laka, iska ta yi sanyi, sai ga fadama kore a tsakiyar rani: albasa, tumatir, tattasai, shinkafa, injin ban ruwa yana ta tuƙa. Ga masunta da komarsu, ga Fulani sun kawo shanu mashaya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canza, ana samun sa a lokacin da a da sai rairayi. Amma kogin da ke ciyarwa shi ne kuma ke cinyewa. A daminar 2022 Ajingi na cikin ƙananan hukumomin Kano da ambaliya ta yi wa mummunar ɓarna, gidaje suka rushe, gonaki suka nutse, aka yi asarar rayuka. Mutumin da ya ji wannan a labarai zai ce Allah ya kiyaye gaba, ya wuce. Wanda ya taɓa shan ruwa a zauren ɗaya daga gidajen nan na ƙasa, ba zai iya wucewa haka ba.

Mutanen kuma ba kaɗan ba ne. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gaya sama da mutum 200,000, Ajingi sama da 170,000, yau kuwa sun wuce haka nesa. Daga Gaya Alhaji Sule Gaya ya fito, minista a gwamnatin Sardauna. Daga nan Kabiru Ibrahim Gaya ya fito, gwamnan Kano daga 1992 zuwa 1993, wanda daga baya ya wakilci Kano ta Kudu a majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2023. Ban da waɗanda aka san sunansu, akwai dubban da ke shigowa birni cin rani in an gama girbi, su yi dako, su yi gini, su yi ga-ruwa, su koma gida da faɗuwar ruwan farko. Ɗan birnin da ke kiran su 'yan ƙauye, geronsu ne a furarsa, guminsu ne a bulon gidansa.

Wanda ƙafarsa ke ƙaiƙayin hawa, ladansa na gaba kaɗan. Daga Gaya zuwa Dutse ba nisa, kuma tun daga nesa zai hango duwatsun sun taru a kan juna, da itatuwan dabino a ƙarƙashinsu. Tsohon garin, Garu, inda fadar sarki take, a cikin duwatsun yake zaune, kuma da ganin wurin mutum zai gane dalilin da ya sa Sarkin Kano Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya sha wuya kafin ya ci garin da yaƙi. Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, amma kafin nan ita da Gaya 'yan ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin Kano. In ya hau ya juya ya dubi yamma, filin da ya ratso ne a shimfiɗe, gona bayan gona, kowace da bishiyoyinta. A Birnin Kudu kuma, gaba kaɗan, akwai zanen shanu a jikin duwatsun Mesa da Habuɗe, waɗanda aka bayyana wa duniya a shekarun 1950, aikin mutanen da suka rayu a nan tun kafin a san sunayen garuruwan.

Siyasa ma, ta hanyarta, ta tuna wa mutane da Gaya. Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga ta zuwa masarauta a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sake ɗaga ta a watan Mayun 2019 tare da Rano da Ƙaraye da Bichi, Alhaji Ibrahim Abdulƙadir ya zama sarki mai daraja ta ɗaya har rasuwarsa a watan Satumban 2021, ɗansa Alhaji Aliyu Ibrahim ya gaje shi. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe dokar, a watan Yuli kuma ta maido da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku, Gaya da Ajingi da Albasu, waɗanda dama su ne mazaɓa ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya. Kowa da ɓangaren da ya tsaya a wannan rigima, kuma ba ita ce maganar yau ba. Abin takaicin shi ne, an shekara ana ta ce-ce-ku-ce a kan sanda da daraja, ana ambaton tsufan Gaya a matsayin hujja, amma da wuya a sami wanda ya ɗauki na'ura ya je ya zauna gaban tsofaffin garin ya naɗi abin da suka sani.

Nan ne haɗarin yake. Tarihin Gaya mafi yawansa a baki yake: wurin maroƙa da makaɗan fada, wurin dattawan maƙera, wurin limamai masu tsofaffin takardu a gafaka, wurin tsofaffin mata da suka san wace zuri'a ta auri wace. Su ne za su iya nuna inda ganuwa ta bi, da inda ƙofofi suke, da inda aka haƙi tama, da kufan da aka tashi aka bari. Duk shekara ana binne wasu daga cikinsu. Dala kanta, da take tsakiyar birni a gaban idon kowa, gidaje sun matse gindinta, zaizaya na cin gefenta, shara na taruwa, ganuwar birni kuma ana ta yanka ta ana gini. In abin da ke gaban ido ya zama haka, na bayan gari fa?

Masu hawan dutse na da rawar da za su taka, in sun yi abin da ladabi. Lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, kafin zafin bazara ya sauka. A tashi da asuba. In an shiga gari a fara da gidan mai unguwa ko dagaci, a gaishe shi, a ce, “Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, mun zo ganin gari,” a nemi ya haɗa su da wanda ya san hanya, a kuma sallami ɗan rakiyar da abin kirki. Shi ne zai faɗi inda ake bi da inda ba a bi. Kada a ratsa shukar mutane, kada a ɗaga waya a kan matan aure ko 'yan mata ba izini, kada a bar leda da robar ruwa a gona. A zo da kuɗi a aljihu, a sayi fura, a sayi lauje ko wuƙa a maƙera ko da ba a da gona, don mutanen gari su ga amfanin baƙo. Mutanen Gaya da Ajingi ba abin kallo ba ne, masu gida ne, kuma bukatunsu na ruwa da hanya da makaranta da asibiti sun fi ƙarfin hoto. Amma garin da mutane ke zuwa su gani da idonsu ya fi wuyar mantawa ranar rabon aiki.

Saura hukumomi. Masarautar Gaya, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da sashen tarihi na Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha da ke nan Wudil a bakin ƙofa, babu abin da zai hana su haɗa hannu su tura ɗalibai unguwa-unguwa su naɗi bakin dattawa, su sa alama a wuraren da aka nuna musu, su buga abin da suka samu da Hausa don 'yan makaranta. Aikin bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Shugabannin makarantun sakandare na birni kuma, da ke kai yara gidan zu da Gidan Makama duk shekara, su ƙara zango ɗaya: a hau Dala da safe, a wuni a Gaya.

Mai martaba Sarkin Gaya, Allah ya ja zamaninka, a fara da dattawan maƙera, kuma a fara a wannan rani.